Bindigar Alhaji Jibrin

Alhaji Jibrin ya gama alwala, ya goge hannu da gefen jallabiyarsa, sannan ya durƙusa ya jawo bindiga daga ƙarƙashin gado. Ya duba harsasan, ya naɗe ta a cikin dardumar salla.

Matarsa Sittana tana bakin murhu tana toya kisra, gurasar mutanen Sudan. Ba ta ɗago kai ba.

"Ya Hajj, yau ma?"

"Yau ma."

"Ka ji tsoron Allah."

"Tsoronsa ne ya sa na ɗauke ta," in ji shi, ya fice. Kisrar ta ƙone a gabanta, ba ta kwashe ba.

Alhaji Jibrin tela ne a kasuwar Omdurman, jikan mutanen Kano da suka taso aikin hajji da ƙafa suka yada zango a bakin Nilu. A unguwarsu ta Alsawra kowa ya san shi da sahun farko. Ko ragon layya ba ya iya yankawa da hannunsa, sai ya kira mahauci, shi kuma ya kau da kai.

Shi ne kuma ya sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa, ya sayi bindiga a hannun wani soja da ya dawo daga yaƙin kudancin Sudan. Tun daga lokacin bai ƙara shiga masallaci ranar Juma'a ba. Sai ya zauna a gindin darbejiyar da ke kallon ƙofa, darduma a kan cinyarsa, har a sallame. Idan jama'a sun watse, ya tashi ya yi azahar shi kaɗai.

A shekarun nan na mulkin soja an samu wasu samari da suke kafirta kowa. Suna cewa bin limaman unguwa salla haramun ne, jinin masu bin su kuma ya halatta. Nan da nan aka fara raɗe-raɗin cewa Alhaji ya shiga cikinsu. Maƙwabta suka rage gaishe shi. Wasu suka daina zuwa da 'ya'yansu masallacin.

Liman Abdulganiyu ya taɓa tare shi a gindin bishiyar.

"Ya Hajj, me mai carbi zai yi da wannan ƙarfe?"

"Allah ya sa kada ka ga amfaninsa, ya Shehu."

"In ka san wani abu, ka gaya wa hukuma."

"Wanda suka ɗauka ba ya dawowa yadda ya tafi," Alhaji ya ce, ya mayar da idonsa kan titi.

Wannan Juma'ar rana ta take kamar za ta fasa kai. Masallaci ya cika, sahu ya fito har waje inda aka jibge takalma. Aka gama huɗuba, aka tayar da iƙama, liman ya yi kabbara. Alhaji ya fara warware dardumar a hankali.

Wata mota mai buɗaɗɗen baya ta taho da gudu ta ci burki a bakin titi. Wani saurayi ya diro, fuskarsa a naɗe da rawani sai idanu, bindiga a hannu. Motar ta ja ta tafi. Saurayin ya nufi ƙofa.

Alhaji ya riga ya miƙe, ya ɗora bindigarsa a kafaɗa. Babu kowa tsakaninsu, bayan saurayin a buɗe yake, tazarar ba ta wuce jifa ba. Yatsansa na kan kunamar bindigar, amma bai danna ba. Ya ɗaga murya ya yi kira, lasifikar masallaci da ke karanta Fatiha ta haɗiye abin da ya faɗa.

Saurayin dai ya ji. Ya juyo, ya tsaya cak. Suka dubi juna. Bakin bindigarsa ya ɗan sunkuya ƙasa. Sai ya juya wa Alhaji baya, ya buɗe wa sahun waje wuta.

Ɗantsoho mai sayar da turare ne ya fara faɗuwa, harsashi ya shiga ta bayansa ya fita ta ƙirji. Na kusa da shi ya kife a kan takalma yana shure-shure. Jini ya fantsama a farin bango. Sahu ya tarwatse, ana tattake juna, ana salati. Saurayin ya taka matakalar ƙofa, ya saita cikin masallacin inda mutane suka cunkushe babu mafita.

Alhaji ya danna kunama.

Bindigar ta daki kafaɗarsa har ya yi baya. Harsasan suka ɗaga saurayin suka buga shi da ƙofa. Ya zame ƙasa, ya bar jan layi a jikin katako, ƙafarsa ta ɗan motsa, ta tsaya.

Da ƙarar ta lafa, mutane suka fito. Wasu suka kwashi waɗanda aka harba suka yi titi da su neman mota. Liman Abdulganiyu ya rungume Alhaji yana kuka, yana sumbatar kansa, yana neman gafarar zaton da aka yi masa.

Sauran jama'a suka yi kan gawar. Wani ya shure ta a ciki, wani ya tofa mata yawu, wani ya ɗauko bulo zai rotse kan. Alhaji ya ture liman, ya keta su, ya tsaya a kan gawar, ya juya musu bakin bindiga.

"Duk wanda ya ƙara taɓa shi, sai na harbe shi."

Suka ja da baya, kowa baki buɗe.

"Ya Hajj, ka dawo hayyacinka," in ji liman. "Wannan da ya zubar da jinin masallata? Wa ma ya san shi? Bari hukuma ta zo ta kwashe shi. Babu mai wanke shi a unguwar nan."

Alhaji Jibrin ya ajiye bindigar a ƙasa. Ya durƙusa cikin jinin, ya ɗora kan saurayin a cinyarsa, ya fara warware rawanin.

"Ni zan wanke shi, ya Shehu," ya ce. "Ni na yi masa kiran salla a kunne ranar da Sittana ta haife shi."