Manomin da Ya Mai da Ladan Agogon Magani

Auta, tun jiya kake kumbura mini fuska don na ɗauke katin farasitamol daga aljihun rigarka. Matarka ma ta ce na cika tsoro, wai maganin da ko a teburin mai shayi ana sayarwa, me zai yi wa mutum. Ku faɗi duk abin da za ku faɗa. Da idona na ga ka haɗiye biyu kana kan keken ɗinki, ko awa biyu ba a yi ba ka ƙara biyu, wai kai na sara ga ɗinkin Salla ya taru. Zauna ka ji wani misali.

An yi wani manomin shinkafa da ciwon haƙori ya kama ana tsakiyar yanka. Zuwa cire haƙori yini guda ne, shi kuwa ya ce ba zai bar wa tsuntsaye gonarsa ko na yini ɗaya ba. Matarsa ta sayo masa farasitamol, mai kemis ya ja mata kunne: babba ƙwaya biyu, a bar aƙalla awa huɗu tsakani, kada a wuce takwas daga safiya zuwa wata safiyar, in an kwana uku ciwo bai sauka ba a tafi asibiti. To, manomin nan ba shi da agogo a fadama, sai ya mai da ladan agogonsa. Da an sallame salla sai ya afa biyu. Matar ta ƙirga da yatsunta ta ga goma ke nan a yini, ta kuma ga tsakanin magariba da lisha ko tuwo bai gama hucewa ba. Ga shi ba ya iya tauna, koko kawai ke cikinsa. Sai ta ɗauke maganin ta tura cikin tukunyar daddawa. Nan 'yan'uwansa suka taso mata, wai wace irin mace ce za ta hana miji magani yana murƙususu a tabarma. Yayarsa har ta kawo masa maganin mura a wani kwali mai launi daban, ba wanda ya duba ya ga shi ma da farasitamol a ciki. Kunya ta kama matar. Ta fito da abin da ta ɓoye ta miƙa.

Haƙori ya riƙa lafawa, mutumin yana yankansa yana murna. Ita kuwa hanta ba ta kuka da wuri. Sai da aka kwana tara amai ya fara, ciwo ya tokare shi ƙarƙashin haƙarƙarin dama, idonsa ya koma kamar ƙwaiduwa. Aka ce ciwon shawara ne, aka jiƙa masa saiwa, aka ƙara ɓata kwana biyu. Da aka kai shi asibiti a kwance, likita ya ji yana shan farasitamol, ya tambaya guda nawa yake sha a rana. Matar ce kaɗai ta san amsa. Likita ya ce maganin ne ya ci masa hanta. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba, amma wata biyu ya yi bai taka fadama ba, shinkafar da ya ƙi bari na yini ɗaya kuwa tsuntsaye da shanu suka raba. Haƙorin nan, ƙarshe dai sai da aka cire shi, ko minti goma ba a yi ba.

Ni ba zan yi irin kunyar matar nan ba. Katin yana ƙulle a bakin zanena. In kai ya sara ka zo in ba ka biyu, in duba agogo da kaina, kuma ba wani maganin mura da za a ɗora a kai sai an karanta abin da ke jikin kwalin. Yau kwana huɗu ke nan kanka na sara, don haka gobe da safe asibiti za mu, su duba abin da ke sa ciwon. Masu ɗinki su jira. Ka yi fushi, matarka ta taya ka, ni dai ban haife ka don in zuba ido ba, garin neman gira a rasa ido.