Igiyar Malam Maiturare

A zauren Malam Maiturare akwai wata doguwar igiyar kaba mai ƙulli-ƙulli, rataye a jikin bango. Ba a ɗaure jaki da ita, ba a jan ruwa da ita. Ko matarsa ba ta taɓa ta.

Lauya ake ce masa a Birnin Gwari, ko da yake bai taɓa shiga makarantar boko ba. Wakili ne, mai tsaya wa wanda bakinsa ke rawa a gaban alƙali. Manomi, makiyayi, tsohuwar da ba ta jin Hausa sosai, duk ya tsaya musu, ladansa goro biyu ko "Allah ya saka". A ƙofar gidansa akwai randar ruwa don masu wucewa, da kansa yake cika ta. Abu ɗaya ne ba ya yi, ba ya bin ƙara zuwa Zariya. Sau ɗaya ya je, shari'ar kwana biyu ta riƙe shi kwana goma sha ɗaya, tun daga nan bai sake kwana a wajen gari ba.

Shekarar ta ɓace mini. Na dai san bayan diban gwamna ne, wato lokacin da ake kwasar majiya ƙarfi a kai su haƙar kuza a Jos. Wata safiya Furera ta zo daga Randagi a ƙafa. Mijinta Mu'azu ya ɓace ranar da dogarai suka shiga ƙauyen kwasar mutane, shekara shida ke nan. Wansa Nababa ya riƙe gonar, wai amana ce sai mai ita ya dawo, ita da 'ya'yanta huɗu kuwa sai kalan abin da ya zube.

"Malam, ka tsaya mini. Yunwa za ta gama da marayun nan, in ma marayun ne."

"Allah ya jiƙansa," in ji Malam Maiturare, sannan ya kau da kai kamar wanda ya yi suɓul da baka.

Da ma duk kaka yakan aika musu damin dawa, bai taɓa faɗin dalili ba. In kuma hanya ta bi da shi ta dajin nan mai tsofaffin ramukan zinariya, yakan sauka daga jaki ya yi ta motsa leɓe, gumi na keto masa. Ya taɓa gaya wa liman cewa a wurin yana jin ana kiran sunansa, a hankali, da busasshen maƙogwaro. Liman ya ce iska ce a cikin gora.

Ranar zaman shari'a, Litinin ce ko Alhamis, Nababa ya zo da sabuwar riga, ya dubi alƙali ya ce:

"Allah ya gafarta Malam, ƙanena yana Jos da ransa. Wa ya ga gawa? Ko Lauya ya fara duba ne?"

Aka yi dariya. Alƙali ya buɗe littafi ya karanta hukunci: dukiyar wanda ya ɓace ba a raba ta sai an tabbatar da mutuwarsa, ko shekarunsa su kai saba'in. Mu'azu yana da talatin ya ɓace. Furera ta fara ƙirga da yatsu, ta kasa ƙarasawa.

Malam Maiturare ya miƙe.

"Allah ya gafarta Malam, a kan dukiya, shaida ɗaya da rantsuwar mai ƙara sun isa?"

"Sun isa."

"Wakili yana ba da shaida?"

"Kai ma ka san ba ya bayarwa."

"To, na ajiye wakilci."

Ya zaro igiyar nan daga cikin rigarsa, ya ajiye ta a kan buzun alƙali. Bai dubi Furera ba.

"Ranar da dogarai suka shiga Randagi, wurina Mu'azu ya gudo. Ni na zura shi cikin tsohon ramin zinariya da gorar ruwa ɗaya. Na janye igiyar don kada a ga alama, na ce masa jibi zan dawo daga Zariya."