Buzuzun Cokali

Ni ne wawan labarin nan, kuma har yau ban ɗaukaka ƙara ba. Kakata takan kife karyayyen cokalin roba, ta shafa masa baƙin tukunya, ta liƙa ƙayoyi shida da ƙaro, sai ga buzuzu. Kowane yaro yana da nasa ban da ni, don cokalin da Baba ya sayo mini a garin Hasahisa ya ƙi karyewa. Rannan da la'asar na taimaka masa da dutse. Buzuzuna ya fi na kowa sheƙi, har gobe ina alfahari da shi. Da aka kawo kunu mai zafi na ce, "Kaka, cokali fa?"

Ta ce, "Maigida, jira buzuzunka ya mirgino maka."