Har Furen Kan Dutse Ya Buɗe

"Ki zauna har furen kan dutse ya buɗe," in ji wan mijinta, ranar da aka binne mijin. "Daga nan ki ba ni gidana."

Ta lissafa wata huɗu, don furen ba ya buɗewa sai sanyi ya wuce. Amma yanayi ya rikice. Sati biyar kacal zafi ya sauko, dutsen ya fara shuɗi.

Kullum da sassafe sai ta hau gefen da ke kallon gari, tana tsinke furen tana cusawa a buhu, har yatsunta suka tsattsage. 'Yarta mai shekara huɗu tana biye da ita, ta ɗauka wasa ne.

Rana ta tara wan mijin ya leƙo gidan, ya dubi dutsen bai ga fure ba, ya ja tsaki. Ya juya zai fita ke nan, yarinyar ta sha gabansa, ta buɗe tafin hannunta.

"Baffa, ga naka. Na ɓoye maka, Mama ba ta gani ba."

Ya sunsuna furen, ya shafa kanta.

"Allah ya yi miki albarka. Je ki taya uwarki haɗa kaya."