Damin Geron Garzali

Allura na hannun Garzali, yana tsakiyar ɗinkin wuyan wata riga, labari ya iske shi a zaure: sabon dagacin Gafasa, Bubayero, ya ce bana surukinsa ne zai kai damin gero garin Gaya. Garzali bai san sa'ad da ya soke ɗan yatsansa ba.

Ba ƙaramin abu aka taɓa masa ba. A Gafasa akwai rana guda da kowa ke tsoro, ranar da masu lissafin taurari ke cewa kaka ta shiga, wadda kuma ita ce ranar gayyar girbin gandun dagaci. A ranar ne aka yi gobarar da ta lashe rumbunan fada. A ranar ce, wata shekara, bakin babbar rijiya ya rufta. A ranar ce kuma gari ya watse da gudun maharan Ningi, tsofaffi a goye, tuwo a kan wuta, daga baya aka tarar ƙurar shanun Fulani ce.

Garzali ya fi kowa sanin muguntar ranar, don babu wadda ta bar shi lafiya. A gobara gemunsa ya babbake. A rijiya da igiya aka zaro shi. Ranar gudu kuwa muryarsa ta dushe har aka gama sussuka. Mutumin da shekara ke zagayowa yana zaurensa da allura, ya fito sau ɗaya saboda zumunci, a ce shi masifa ta fi nema! Abin na ba shi tausayin kansa.

Marigayi dagaci ne ya samo magani. Ya ce duk ranar, tun sassafe, a ɗora wa mutum mai albarka damin sabon gero ya kai wa wani malami a Gaya, a yi addu'a, kada ya juyo sai la'asar sakaliya. Dattawa suka haɗa baki a kan Garzali. Tun daga nan ko kaza ba ta sake karyewa a ranar ba. Shi kuwa ya samu jaki na aro, da tuwon baƙunta, da abin da ya fi su daɗi, wato a tashi a ba shi wuri in ya shiga taro.

Yanzu ga yaro ya hau gadon sarauta da safe, kafin azahar zai tuɓe masa girma.

Ya je fada ya faɗi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, aikin nan ba na kowa ba ne."

Bubayero, wanda a Kano ya girma wajen fatauci, ya ce, "Dami ne, Malam Garzali. Ko jakin kaɗai aka kora zai kai shi."

Garzali ya dawo gida kamar an tsoma zakara a ruwa. Matarsa Hanne ta ji, ta saki muciya, ta ce to bana ya yi zamansa a ɗaki, ita za ta ce ba shi da lafiya. Ya ce a'a, ba za a ce don an hana shi jaki ya ƙi taimakon jama'a ba.

Ranar ta zo. Ya ari magirbi ya nufi gandu, yana tafe yana gaida mutane, mutane na amsawa suna ja da baya. Ya ga mata na kwashe yara, ya ce a ransa lallai gari ya san an yi masa rashin adalci. A ƙofar fada ya hangi ingarman dagaci a turke, ya lura ɗaurin igiyar bai yi masa ba, sai ya ajiye magirbi ya naɗe hannun riga.

A nan aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Goni Bunu, limamin gari, tsohon da sai an riƙe shi yake miƙewa daga buzu, ya taho a guje, rawani na warwarewa. Ya kama hannun Garzali gam, ya sa aka sauko da surukin dagaci daga kan jaki, aka ɗora Garzali, aka ɗaure masa dami. Garzali ya kama hanyar Gaya da ƙwalla a ido, yana yafe wa kowa.

Bubayero ya fito ransa a ɓace. "Allah gafarta malam, wai me ke cikin damin nan?"

Goni ya jira numfashinsa ya dawo.

"Gero ne kawai, ranka ya daɗe. Wanda ya kai wuta rumbu don korar zuma, da wanda ya sare saiwar da ke riƙe bakin rijiya don gyara, da wanda ya ga shanu ya kwarma ihun mahara, ga shi can bisa jaki. Ranar ba ta da laifin komai. Ita ce dai kaɗai ranar da Garzali ke taimakon jama'a."