Wuyan Yaya

Buhun siminti na arba'in da uku yana kansa lokacin da wuyan Auta ya ce ƙas. Ya dire buhun, ya ga duhu-duhu, ya sake ɗaukar na gaba, don in bai ɗauka ba babu mai ɗauka.

Shagon na su biyu ne, shi da yayansa. Amma shekara uku ke nan Yaya bai ɗaga ko bulo ba, tun ranar da ya dawo daga asibiti da farar kwala a wuya. Yana zaune bakin ƙofa tsaf-tsaf, in an gaishe shi sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, gwanin tausayi. Kowace Talata yana zuwa asibiti gashin wuya, kuma ba ya son rakiya. Auta kuwa bawan Allah, har ruwan wanka yake kai masa.

"Je ka kemis kawai," in ji Yaya, da Auta ya koka masa da wuyan. "Asibitin nan ba komai sai layi."

Matar Auta ta ce ba ta san zancen ba. Ran Laraba ta tasa shi gaba har ɗakin likitar gashi.

Likitar ta ɗora masa wani abu a kai, mai allura irin ta agogo. Ta ce ya dubi hagu, allura ta tsaya a talatin. Dama, ashirin da biyar, da cije leɓe. Lafiyayyen wuya, in ji ta, yakan kai saba'in ko fi.

"Daga yau ka bar ɗaukar kaya, in kana son hannuwanka su ci gaba da aiki."

Hankalin Auta ya tashi, ba don kansa ba.

"Likita, ba zai yiwu ba. Ciwon yayana ya fi nawa, ni kaɗai gare shi. Ai nan yake zuwa duk Talata."

Ya miƙa mata hoton Yaya a waya. Ta duba, fuskarta ta washe.

"Lah, mutuminmu! Yayanka ne? To wannan kwalar ta mece ce?"

Auta ya ce ai ta jinyar wuyansa ce.

"Ai shi ba jinya yake zuwa ba," ta ce. "Da wuyansa muke nuna wa ɗalibai yadda lafiyayye yake juyawa."