Ƙafar Mai Shara

Wa ya koya wa wani darasi a ranar? Har yau malamin bai sani ba.

A ajin yara na haikalin Hindu na unguwarsu a Nashik, ƙasar Indiya, ya ce duk wanda ya girme ka, ka taɓa ƙafarsa don neman albarka. Yara suka kwasa da gudu, suka rufar wa tsohuwa mai shara, wadda dangin malam ko ruwan hannunta ba sa sha, don suna raina asalinta.

"Wayyo jikokina, cakulkuli!" Tana tsalle tana dariya, tsintsiya a sama.

Yaran suka juyo kan malaminsu. "Guruji, saura kai!"

"Ni? A'a."

"Ba ta girme ka ba? Ko haƙori ba ta da shi!"

Iyaye suna kallo daga bakin ƙofa. Malamin ya tattare zanensa, ya sunkuya.